Uku a Kan Kantar Ikenna

Gwiwar Inna ce ta kai ni Alaba.
Shekara sittin tana sunkuye kan tsintsiya,
yanzu in ta duƙa sai an ɗago ta.
Ni kuwa tela ne a Agege, ciki da falo,
zare da guntun atamfa ba sa barin darduma ta huta.

Ikenna ya jero mini uku,
injinan shara marasa waya,
kowanne tsaye da ƙafa ɗaya
kamar balbelu a bakin kwata.

Na farko ja ne, ƙirar ɗan dambe.
An watsa masa shinkafa, ya lashe,
an watsa yashi, ya lashe,
saura kaɗan ya haɗa da bakin wandona.
Minti arba'in kafin batir ya mutu, in ji Ikenna.
Na ɗaga shi, na tuna tsintsiyar hannun Inna,
na ajiye.
Dama kuɗinsa hayar wata uku ce.

Na biyu fari, shafal, ko yaro ya ɗauka,
kukansa na sauro.
Awa huɗu yana shan caji
don ya yi aikin minti goma sha biyu.
A layinmu kuwa wuta baƙuwa ce,
ko mayafi ba ta cirewa.

Na ukun tokumbo ne, da tabo a wuya.
Da aka buɗe cikinsa ba a ma zubar ba:
gashin kyanwa ruwan toka,
takardar alewa,
da maɓalli guda, baƙi, mai huda huɗu.
Na san maɓalli.
Wannan na rigar sanyi ne, irin sanyin da ban taɓa ji ba.
Wata ta neme shi ƙarƙashin kujera a can ƙetaren teku
har ta haƙura.

Minti nawa wannan?
Bakin Ikenna ya ce ashirin,
idonsa ya ce kada ka tambaye ni.
Muka ja ciniki har ruwan sama ya ɗauke,
na ce a bar mini maɓallin gyara.

A danfo kwandasta ya ce sai na biya masa kujera.
Na rungume shi tun daga Ojo har Oshodi,
wata mata tana tambaya ko na feshin sauro ne.

Kwana biyu ba wuta.
Yana jingine bayan ƙofa kusa da tsintsiya,
ba mai ce wa wani komai.
Inna ta dube shi ta ce,
wato shi ba ya ci sai Nefa ta dafa?

Ƙarfe biyun dare yaran gidan suka yi ihu,
na tashi ko takalmi babu na jona.

Da safe na ga abin da ban taɓa gani ba:
Inna tana shara a tsaye,
fuskarta sama,
har ta lura agogon bangonmu ya karkace.
Minti goma sha uku na ƙirga.
Ya mutu daidai bakin ƙofa.

Ta ɗauko tsintsiyar, ta juya ta a hannu,
sai ta miƙo mini.
Ƙarasa, ta ce, kai da sauran gwiwa.

Ina sunkuye Iya Ronke ta ƙwanƙwasa,
wai ta ji ƙara, ko ana bayar da aro.
Maɓallin yana gwangwanin da ke kan kekena,
ban sami rigar da ta dace da shi ba tukuna.