Gwiwa

Tun watan shida take kuka,
ƙwas a rami, ƙwas a kwana,
sitiyari na karkarwa a hannuna
kamar sanyin Uyuni ya shige shi har ƙashi.
Baba Eusebio ya kasa kunne daga kujerar baya.
"Ba taya ba ce, Nelida. Gwiwa ce.
Na san kukan. Tawa ma haka take yi."

Shekara talatin da ɗaya tana kwasar gishiri
daga farin fili zuwa tashar jirgin ƙasa.
Gishirin da ya ciyar da mu
shi ya yi ta cin ta daga ƙasa, a ɓoye,
muna wanke mata fuska, ba mu leƙa ciki ba.

Ranar Lahadi na kori kaji daga tsakar gida,
na tokare tayoyin baya da duwatsu.
Jak ɗinmu ba abin yarda ba ne,
yana sauka a hankali kamar mai gyangyaɗi,
sai na tura guntun katakon layin dogo a ƙarƙashinta
kafin in ba ta kaina.

Taya ta fita. Na kama ƙarfen na jijjiga,
ya amsa kamar haƙorin ɗan shekara bakwai.
Robar bushin ta yi faso.
Shokozoba ta daɗe da zubar da manta,
baƙin hawaye ya bushe mata a jiki.

Noti huɗu suka bi ni salin alin.
Na biyar ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu.
Na jiƙa shi da kananzir, na sha shayi, na dawo.
Na zura wa sufana bututun ruwa don ta ƙara tsawo,
na hau da duk nauyina, kilo hamsin da biyu,
ta zame.
Fatar yatsu uku ta tafi da ita.
Na faɗi kalmar da ban taɓa faɗa a gaban Baba ba.

Bai ɗago ba.
Bargo a cinya, ganyen koka a kumatu.
"Kada ki doki kansa. Doki gefen gidansa.
Abin da ya daɗe a wuri ba a ce masa fita,
wurin ake girgizawa."

Bugu uku a gefe.
A na huɗu ya saki, da ƙara kamar an taka ƙwarya.

Na miƙa masa tsohon bol-joyin, tsatsa har wuya.
Ya tura kan da babban yatsa,
kan ya langaɓe, babu abin da ke riƙe shi.
"Ni na sa wannan," ya ce,
"damina biyu kafin uwarki ta tafi."
Ya goge shi da gefen bargo, ya jefa aljihu.

Sabon daga Oruro ya zo, a motar haya, cikin kwali,
kuɗin buhu saba'in na gishiri.
Na ɗura masa giris har ya yi tumbiɗi.
Bushin ya ƙi shiga, na lallashe shi da sabulun wanki.
Na ɗauki sufana zan matse.
"A'a. Ba a ɗaure ta tana rataye.
Sauke ta, ta tsaya da ƙafarta,
ta ji nauyin kanta tukuna."

Rana ta gangara, filin gishiri ya yi ja,
hannuna baƙi har gwiwar hannu,
ɓangaren hagu kuwa ko taɓa shi ban yi ba.

Na ciccibi Baba zuwa kujerar gaba.
Bai kai nauyin taya ba yanzu.
Muka nufi ramin nan na bayan makaranta
wanda kowa a garin ke kauce wa,
na saka ƙafar dama a ciki da gangan.

Shiru.

Na juyo, na saka ta hagu.
Ƙwas.

"Saura ɗaya," na ce.
Ya dafa gwiwoyinsa biyu, yana kallon hanya.
"Uku," ya ce.
"Amma fara da tata. Ita ce ke da aiki gobe."