Gajeren Firam a Dogon Akwati

A gwanjon kayan marigayi Orrin Haugland,
can a arewacin Minnesota,
na sayi akwatunan amya tara da kuɗin fanshona.
Ban auna ba. Wa ya ce da ni a auna?
Katako dai katako ne, fenti fari ne,
na loda su a bayan mota ina murna
kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Sai a gida na ga abin da na kwaso:
huɗu masu zurfi, hannu na nutsewa a ciki,
uku matsakaita,
biyu ba su fi tsayin tafin hannu ba.
Ɗaya ma faɗinsa daban,
in ka ɗora shi kan ɗan'uwansa
sai ya bar tsagar da ruwan sama zai bi.

Maƙwabciyata Verna Sundquist,
mai shekara arba'in tana kiwon zuma,
ta leƙo ta kan shinge, ta ƙirga da ido.
Ta ce, "Dell, takalmi tara ka saya,
babu biyun da suka zo ƙafa ɗaya.
Ni duk nawa matsakaita ne,
kowane firam na shiga kowane ɗaki.
Bayana ne ya koya mini, ba littafi ba."

Na ji, amma jin kunne.
Na zuba ƙudan gabas a masu zurfi,
na yamma a matsakaita,
na ce ai kowa da gidansa.

A Yuli na sunkuya zan ɗaga mai zurfi
cike da zuma har baki.
Wani abu ya ce ƙas a ƙuguna.
Kwana uku ina kwance a daɓen kicin,
ina kallon silin, ina tuna Verna.

Da na miƙe, amyar gabas ta sauya murya.
Ba gunjin aiki ba ne, kuka ne mai kaifi.
Na busa hayaƙi, na zaro firam bayan firam,
babu ƙwai ko ɗaya.
Sarauniya ta tafi, ban san ta inda ta bi ba.

Verna ta ce, "Ɗauko ƙwai daga yamma,
za su yi wa kansu sabuwa."
Na ɗauko. Na zura.
Firam ya rataya kamar wandon ƙane a jikin wa,
inci uku na iska a ƙarƙashinsa.
Na tsaya da shi, zufa na shiga idona.
Ta ce, "Bar shi haka.
Su ba su san ma'auni ba, sun san gurbi."

Kwana goma na hana hannuna buɗewa.
Ran da na buɗe,
sun saƙa farin kaki daga gindin firam,
ya sauko a karkace, ya cike inda na gaza,
a gefensa ɗakin sarauniya na reto
kamar kwanson gyaɗa guda.
Ban girgiza ba, ban ko yi numfashi sosai ba.
Na mayar a hankali,
saƙar ta ɗan fashe, zuma ta bi yatsana,
ɗaya ta harbe ni a wuyan hannu.
Ban ga laifinta ba.

Yanzu Janairu ne.
Dusar ƙanƙara ta rufe shingen Verna.
Ina gareji da zarto da fensir a kunne,
ina rage wa masu zurfi tsawo,
biyu na gama, na ukun ya karkace.
Na huɗun ba zan taɓa shi ba,
suna ciki.
Da safe nakan taka ƙanƙara in je,
in manna kunnena a jikin katako mai sanyi.
Can ciki, kusa da gajeren firam,
ana ta gunji ƙasa-ƙasa.