Ta-Ƙi-Faɗi

Na saye ta a bakin gadar Kubanni,
inda Barau ke jera tsirrai cikin baƙar leda.
Ganye huɗu gare ta, ko tsagewa ba su yi ba,
kai ka ce masara ce ta yi girman kai.
Na ce, "Wannan fa?" Ya sosa ƙeya:
"Dabino ce, Baba. Ko dai 'yar'uwar dabino.
Mota ce ta sauke su daga kudu,
takardar sunan kuwa ruwa ya cinye."
Na ɗaure ta bayan keke, muka haura Tudun Wada,
tana gyaɗa kai ga duk wanda muka wuce.

Na ba ta wuri gefen rijiya.

Iya Kande ta leƙo ta kan katanga:
"Goruba ce. A gindinta aka yaye ni a Likoro.
Jira ka ga ta rabu biyu kamar hanya a Kwangila."
Mati mai tabarma ya murza ganyen,
ya shinshina, ya ja da haƙori, ya tofar:
"Wannan ba kaba ba ce, ko faifai ba za ta yi ba."
Ladan ya ce giginya ce,
wai na dasa wa na nesa inuwa,
ni kuwa rabona ƙarar 'ya'ya a kan kwano.

Da damina ta yi nisa ganyen ya tsage.
Bai buɗe kamar tafin mai roƙon addu'a ba,
ƙashin kifi ya fito, dogo, mai lanƙwasa.
Iya Kande ta daina leƙowa.
Ladan ya ce shi dama hasashe ya yi.
Na durƙusa na laluba gindin reshen
ina neman ƙayar da dabino ke gaisuwa da ita.
Babu. Sumul, kamar kan jariri.
Barau ma ya faɗi ke nan.

Sai bazara ta kwantar da ni a Shika,
kwana talatin da bakwai, gida a kulle.
Na dawo na tarar da dashen lemo ya zama tsinke,
gwanda ta durƙusa ba ta tashi ba,
akuyar Talle ta shigo ta rariya ta yi kiwo.
Ita kuwa tana tsaye, kunne ɗaya a yage,
ta zaro sabon tofo daga tsakiya
kamar mashi, kore shar.
Na ce, ke 'yar wace ƙasa ce
da ƙishirwa ba ta jin yarenki?

Na naɗe reshe a tsohuwar jarida sai Samaru.
Wata malama, Dakta Asabe, ta auna shi da rula,
ta ƙirga tsage-tsagen, ta duba bayansa da gilashi,
ta jawo littafi mai nauyin turmi.
Ta karanto sunaye uku,
kowanne da tsawon jirgin kaya.
"Ɗaya ce a ciki. Amma sai ta yi fure a tabbatar."
"Yaushe?"
"Shekara takwas. Wata sai sha biyu."
Na yi dariya har ɗinkina ya motsa.
Saba'in da ɗaya nake, ban gaya mata ba,
ta dai kalli sandata ta rufe littafin a hankali.

Jikata Hansatu ba ta jira fure ba.
Ta raɗa mata Ta-Ƙi-Faɗi,
ba rago, ba goro, ba wanzami,
sunan kuwa ya bi ta har bakin layi.

Yanzu a gindinta nake alwala.
Ta kai ƙuguna bara, bana ta taɓa aljihun riga.
Sunayen nan uku na sa an rubuta mini,
suna cikin gwangwanin madara a kan taga,
da saƙo ga wanda zai ga furen:
ka tsinko ɗaya, ka hau motar Samaru,
ka soke biyu, ka bar ɗaya.

In iska ta taso bayan la'asar
takan yi wata magana ƙasa-ƙasa.
Nakan ajiye buta in kasa kunne.
Har yau dai ba sunanta take faɗa ba.