Rijiyar Gwadabe

Daga Maigatari muka ɗauki babur, ni da Talle.
Rairayi na cin taya, mu sauka mu tura, mu sake hawa,
har hanya ta gaji da mu, ta koma sawun awaki.
Wani tsoho ya ɗago daga cikin riɗi, lauje a hannu,
ya ce sunansa Cindo.
Ya ce, kufan sansani kuke nema? Ai a kansa kuke tsaye.

Na dubi ƙasa.
Ganuwar da kakata Tabawa take cewa
sai tsuntsu ya huta sau biyu kafin ya ƙetare ta,
ga ta nan, ko gwiwata ba ta kai ba.
Ta kwanta ta yi doro kamar kunyar gero,
tumfafiya ta hau bayanta, gara ta yi gini a kafaɗarta.
Gwalalon da aka cika da ƙaya don kofaton baƙo
yashi ya binne shi, zoɓo ke ja a ciki.

Cindo na nuni da bakin lauje.
Nan ƙofar arewa. Nan rumbun kibau.
Nan maƙera, tona ka gani, ƙasar har gobe baƙa ce.
Nan masallaci, ubana bai sa garma a wurin ba,
ni ma ban sa ba.
Waccan kukar mai tsaro ke hawa tun asuba,
ya zauna yana karanta arewa kamar allo.
Ramukan turakun da yake takawa suna nan a jikinta,
sun warke, sun bar tabo.

Ya zaro gwangwanin madara daga aljihu,
ya zazzage mini a tafin hannu:
tsinin kibiya uku da tsatsa ta cinye,
wuri ɗaya, tsingaro, da ƙarfen linzami rabi.
Ya ce, duk damina sai ƙasa ta yi aman wani abu.

Sai na gyara murya.
Na ce, kakan kakata a nan ya yi zamani,
barde ne, mai dokin da ba ya juya baya,
sunansa Gwadabe.

Tsohon ya daɗe yana kallon laujensa.
Ya ce, barden da suka tsaya a nan mun san su,
kaka ta ba jika sunayensu, babu wannan.
Amma akwai Gwadabe.
Daga arewa aka zo da shi, da igiya a wuya.
Aka ba shi dagi da ƙwarya, aka nuna masa wuri.
Rani biyu yana sauka, gaba ashirin da huɗu,
kafin laka ta kama masa yatsun ƙafa.
Zo mu je.

Bayan wata aduwa muka same ta.
Bakinta itacen gawo ne, igiya ta yi masa zane-zane.
Wata yarinya na kora sa, guga na tasowa yana zuba,
raƙuma huɗu na jira, na masu zuwa kasuwar Alhamis,
daga can ɓangaren da aka gina ganuwar dominsa.
Wayata ta yi ƙara a aljihu,
wai barka da shigowa wata ƙasa,
alhali ko taku ɗaya ban ƙara ba.

Ban san abin da Tabawa ta sani ba.
Ko ita ta ɗora masa doki don mu yi barci da daɗi,
ko ita ma haka ta tarar da shi a kan sirdi.
Ta tafi da amsar, shekara tara ke nan.

Cindo ya ce, ka gani,
abin da suka ɗaga sama duk ya dawo ƙasa.
Wanda aka yi ƙasa da shi ne ya rage.

Yarinyar ta miƙo mini ƙoƙo ba tare da ta tambayi ko ni wane ne ba.
Ruwan da sanyi, da ɗan gardin kanwa.
Na sha, na ƙara,
har Talle ya ce rana na yi, kuma manmu kaɗan ne.