Kwafi Biyu

Nomau ya kira daga Abijan:
"Bikin sunan ɗana da ban gani ba, turo mini yau."
Na dubi injin. Jiga huɗu da rabi.
Rezo kuwa a Bilbis sanda guda ce,
ita ma tana kyarma kamar harshen fitila.

Raƙumi aka ce in zura ta kafar allura.
To, sai fiɗa.

Na fara da faɗi, na yanke rabi.
Tantabarun kan katanga suka zama ɗigo uku.
Hoto talatin a daƙiƙa na mayar sha biyar,
tafin mata ya koyi ɗingishi.
Na rage kason da kowace daƙiƙa ke ci
yadda ake rage mudu in damina ta yi nisa.

Injin nan ɗan kasuwa ne, ba ya biya sau biyu.
Abin da bai motsa ba, ya riƙe sau ɗaya ya wuce,
mai motsi shi ke cin kuɗi.
Ƴan rawa suka farfashe kamar tubalin da ruwa ya ci,
atamfar Habsu mai tambarin kifi
ta koma kunu.
Inna Tsahara kaɗai ta tsira da siffarta,
don ta zauna bisa tabarma da jariri a cinya,
ba ta ko gyara kallabi.

Murya ce ban taɓa ba.
A ɗauke ganyen dogonyaro, a ɗauke ƙahon rago,
amma inda ta ce, "Allah ya raya mana Arzika,"
numfashinta ya sarƙe kafin amin,
wannan na bar shi da nauyinsa.

Wuta ta ɗauke ana saura kaɗan.
Na sha shayin Agali, na sake daga farko.
Mega sha shida. Ya tafi bayan isha'i,
yana hawa yana hutawa kamar jaki da kayan albasa.

Da asuba saƙonsa ya shigo, yana dariya:
"Kai, Inna ta koma yarinya!
Fuskarta sumul, me kuke ba ta a Tawa?"

Na riƙe wayar, ban amsa ba.
Injin ne ya share tamoji, ya ɗauka datti ne.
Shi ya haɗiye rawar da hannunta ya fara tun bara,
da jan da ke gefen idonta,
da yadda take duban ƙofa
duk lokacin da babur ya tsaya a waje.

Ɗayan kwafin yana nan cikin kile,
cikakke, ko gashin gira bai ɓata ba.
Na naɗe shi a takarda, na rubuta sunansa,
na sa a gwangwanin madara ƙarƙashin tebur
tare da na wasu bakwai da ke bakin teku.
Wannan ba ya bin iska.
Sai mutum ya zo da ƙafarsa,
ya zauna kan benci gaban babbar tele
in danna masa, in fita waje.

Na rubuta: "Lafiya lau take.
Fura ce da nono."
Na goge. Na sake rubutawa:
"Yaushe za ka zo?"
Sandar rezo ta ɓace.
Saƙon yana nan yana juyi.