Falle Ɗaya

Kuɗin Sualihu sun iso daga Jamus
tare da zane a waya:
falo mai faɗi, gilashi daga ƙasa har sama,
bango fari fat, ba ado.

Gidanmu na Aboabo ɗaki uku ne a jere.
Da ribar goro Baba ya gina shi,
bulo goma yau, biyar bayan sallah.

Ofori magini ya ja igiyar awo,
ya ce bangon gabas zai tafi.
A jikinsa ƙusar rediyon Baba take.
Na zare ta kafin guduma ta sauka,
na jefa aljihu, ta huda mini wando.

Siminti ya tashi sau biyu kafin a kai linta.
An kware tsohon kwano, an zuba rufin kankare,
ɗaki biyu sun zauna inda lemun tsami yake.
Maƙwabta na leƙe: kai, kamar banki!

Daren farko aka sheƙa ruwa, irin na Kumasi,
mai zuwa ba sallama.
Ba wanda ya ji.
Da asuba Mma Adiza ta tarar da shanyarta sharkaf,
bokitai a kife.
Shekara arba'in da ɗaya rufi ke tashinta,
bai taɓa makara ba.

Ta kira Ofori,
ta nuna tarkacen da 'yan gwangwan ke jira:
"Ciro mini falle ɗaya.
Kafa shi bayan tagata, a karkace."

Ba ya cikin zane.
Ban tura wa Sualihu hotonsa ba tukuna.