Awon Marwana

Ran Talata muka kama hanyar Kware,
ni da Marwana, cikin zafin da ke narka kwalta.
Yana riƙe da guntun jar fatarsa,
wadda ya tsinta gefen tabarmar aikina tun yana ɗan shekara uku,
yana murza ta, yana murza ta,
har ta yi laushin kunnen ɗan akuya.

Bana shekararsa takwas.
Kalmominsa na ƙirga su, goma sha ɗaya ne:
ruwa, Inna, a'a, kashe.
Sauran bakwai sai ran da ya ga dama.
Shiyya ta ce galahanga, likita ya ce otizim,
ni dai Marwana na raɗa masa.

Ɗakin awo fari fat, fanka na kuka a sama.
Malama Luba ta buɗe littafi mai hotuna.
"Marwana, mine ne wanga?"
Raƙumi ne. Ya san raƙumi,
kullum da hantsi sai sun bi ta ƙofarmu.
Bai tanka ba.
"Mi ya haɗa lemu da mangwaro?"
Ya cusa yatsu a kunne, ya hau rangaji.
Agogonta na cin lokaci,
alƙalaminta na saka ƙwai, sifili bayan sifili,
ni kuwa zufa har cikin takalmi.

Ni baduku ne, bokona bai yi nisa ba,
amma na san awo.
Fata da taƙi, gero da mudu,
ba a ɗora zinariya kan sikelin albasa.
Na so in ce: Malama, zo gidanmu da la'asar,
ki ga yadda yake jera yankakkun fatu,
ja kala tara, inda idona ke ganin uku.
Ki ga ran da na tsallake ɗinki guda a adon matashi,
ya ɗora yatsa a wurin, ya ƙi ɗagawa
sai da na warware.
Na so in ce, na haɗiye.
Wa ke karɓar shaidar uba?

Sai ga muryarsa, siririya kamar zaren jijiya:
"Kashe."

Ta dube ni. Na nuna sama.
Ta tashi ta kashe fanka.
Zafi ya zauna mana a kafaɗa, ɗakin ya yi tsit,
yatsunsa suka sauko daga kunne ɗaya bayan ɗaya.

Ta rufe littafin, ta kife agogo.
Ta jawo wasu katuna, zane ne zalla,
kowane da giɓi a kusurwa,
ƙasa kuma guntaye shida, a zaɓi mai cikewa.
Ba ta ce uffan ba. Ta yi ɗaya ya gani.
Ya taɓa na biyu. Ya taɓa na uku.
Na goma sha bakwai ni kaina na ɓata a ciki,
shi ko kallo biyu bai yi masa ba.
A wani ya tsaya, ya juya katin,
ashe ita ce ta aje shi kai ƙasa.
Ta yi dariya har ta share ido da mayafi.

Lamba biyu ta rubuta, tsakaninsu tafiyar yini.
Ta ce, "Wagga ta bakinsa ce, wagga ta idonsa.
Ba wadda ta ɗauke shi duka.
Ku dawo, ban ƙare ba."

A mota ya yi barci, fatar a tafinsa.
Na naɗe takardar na sa aljihu.
Muka haye gadar Rima, ruwa ya ja baya,
na ga wani yaro tsaye a gaɓa
yana zura kara
don ya san zurfin tsakiya.